Tekun Ramla

Ranar ma'aikata ce, tifa na hutu,
na ajiye ta gindin darbejiya a Sharaɗa,
makulli a aljihu, ba inda za ni.
Sai ga Ramla da littafin makaranta,
ta buɗe shafin da ya yi shuɗi shar:
"Baba, wannan a wace unguwa yake?"

Na ce teku ne, yana can Kudu,
kwana da wuni a mota, in hanya ta yi kyau.
Ta ce, "To mu je na kusa."
Shekara bakwai ba ta san babu ba.

Na ari babur ɗin Ɗanliti mai faci,
man dubu biyu, gurasa uku, ruwan leda.
Muka bi titin Panshekara,
ta bayan kamfanonin fata, tana toshe hanci,
muka saki kwalta, muka kama burji,
hanyar da na saba da taya goma
yau na lallaɓa ta da biyu.

Challawa ta rame, ƙarshen rani ne,
ruwan ya kwanta tsakiyar yashi
kamar zaren da tela ya yar.
Na ji kunya. Na so in ba ta haƙuri.
Kafin in buɗe baki ta cire silifa,
yashi ya gasa mata ƙafa, ta kwasa da gudu
tana ihu har bakin danshi.

Muka bi gaɓa, ba kowa,
sai balbelu da wani tsoho yana ɗinkin koma,
da kwale-kwale a kife, ƙadangare na gadinsa.
Ta tsinci makankari, ta kara a kunne,
wai malamarsu ta ce ana jin igiyar ruwa.
"Me kika ji?"
"Injin ban-ruwa," in ji ta,
ta sa shi a aljihu duk da haka.

Mun ci gurasa ƙarƙashin wata giginya,
yashi na ƙaras-ƙaras a haƙori.
Shamuwa biyu suka gifta ta gabas,
tsohon ya ɗaga kai, bai ce komai ba.

Can gaba, inda kogin ya karya kwana,
ramuka ne, bakinsu a wage,
ruwa kore ya kwanta a ciki ba motsi.
"Baba, wa ya cinye nan?"

Na damƙe hannunta har ta ce da zafi.
Shekara goma sha tara, sawu shida a wuni.
A ramin can na uku gaɓa ta rufta wa Sabi'u,
shebur ɗinsa muka fara gani.
Ban gaya mata ba.
Na ce mu juya, rana ta yi.

A hanya, tana rungume da bayana,
na riƙa nuna mata da haɓa:
wancan benen, waccan gadar, katangar asibiti,
ajinku ma, har da dakalin masallacinmu,
duk bakin ruwa ne, Ramla,
mu muka ɗauko shi, aka kwaɓa da siminti.
Iska ta kwashe rabin maganar.

Ranar sunanta liman ya ce mini
ma'anarsa yashi ne, abokai suka yi ta dariya,
wai har gida na kawo lodi.

Da magariba ta zazzage aljihunta
cikin gwangwanin madara, yashi da makankari,
ta liƙa takarda, ta rubuta TEKU,
ta ce kar wanda ya taɓa.
Uwarta na faɗan an cika mata tabarma da tsakuwa.

Gobe da asuba zan tada tifa.
Akwai mai gini a Hotoro
da ya biya kuɗin sawu huɗu tun Litinin.